Bargon karramawa: Asalinsa, ƙa'idojinsa da matsayin matan da suka yi aikin soja

Bargon karramawa mayafi ne na rufa da ake harhaɗawa da ƙyallaye masu launi iri-iri, a shimfiɗa masa auduga a tsakiya, a bi shi da ɗinki, sannan a lulluɓa wa soja ko tsohon soja a bainar jama'a domin nuna godiya bisa hidimar da ya yi wa ƙasarsa. Gwamnati ba ta da hannu a cikinsa, haka ma rundunar soja. Masu ɗinki ne na sa-kai, akasarinsu mata, ke sayen yadi da kuɗin aljihunsu, su ɓata makonni ko watanni a kansa, sau da yawa domin mutumin da ba su taɓa gani ba. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, inda gidauniyar Quilts of Valor ta raba fiye da barguna 300,000 daga 2003 zuwa 2022, kuma ta bazu zuwa Kanada da Ostireliya.

A Najeriya ba a saba da wannan al'ada ba, amma abubuwa biyu da ta haɗa tsofaffi ne a ƙasar Hausa. Na farko shi ne ɗinkin da ake cusa wa auduga, wanda kakanni suka sani da sunan lifidi. Na biyu shi ne karrama jarumi da sutura. Abin da yake sabo shi ne wadda za a lulluɓa wa. Sunan da Hausawa ke kiran tsofaffin sojoji da shi, wato 'yan mazan jiya, ya samo asali ne tun zamanin da ba a yi tsammanin mace za ta sa kaki ba. Yau kuwa akwai matan da suka yi sintiri a hanyar Kaduna zuwa Abuja, akwai kuma wadda ta tuƙa jirgin yaƙi a kan dazuzzukan Jihar Neja da suka haɗe da na Birnin Gwari.

Yadda ake ɗinka shi

Bargon ya bambanta da gwado ko luru ko sakala, waɗanda a masaƙa ake yin su. Wannan aikin allura ne, kuma hawa uku gare shi. Hawan sama shi ne fuskar bargon: a yayyanka yadi ƙanana-ƙanana, wasu masu kusurwa huɗu, wasu masu kusurwa uku, a jona su har su ba da siffar tauraro ko sarƙa ko gidan dara. Hawan tsakiya auduga ce da aka shiɓe ta kwanta bai ɗaya. Hawan ƙasa kuma yadi ne mai faɗi. Idan an jera su ukun sai a bi su da ɗinki, ko layi-layi ko a lanƙwashe, domin kada audugar ta dunƙule wuri guda idan an yi wanki. Daga ƙarshe a kalmashe bakin da siririn ƙyalle.

Gidauniyar Quilts of Valor ta gindaya sharuɗɗa. Yadin ya zama na auduga zalla mai inganci. Girman da ta fi so shi ne inci 60 a faɗi da inci 80 a tsawo, daidai rufar babban mutum. Ba a karɓar wanda aka ɗaɗɗaure da ƙulle-ƙullen zare maimakon ɗinki, domin ba ya jure wanki. Ja da fari da shuɗi, launukan tutar Amurka, su ne aka fi amfani da su, ko da yake ba dole ba ne. A bayan kowane bargo ana ɗinka wani ɗan ƙyalle mai ɗauke da sunan wanda aka ba, da sunayen waɗanda suka ɗinka, da ranar da aka miƙa shi da kuma garin.

Cewa da ake yi aikin hannu ne ba ta hana amfani da keke ba. Sau da yawa mutum biyu ke raba aikin: ɗaya ta haɗa fuskar bargon a gidanta da ƙaramin keken ɗinki, ta aika wa wata mai babban keke mai dogon hannu, ita kuma ta haɗa hawa ukun. Abin da ake nufi dai shi ne ba daga masana'anta ya fito ba, kuma da wuya a samu biyu iri ɗaya.

Asalin al'adar

Ɗinka wa sojoji abin rufa ya girmi gidauniyar da fiye da ƙarni guda. A lokacin Yaƙin Basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, matan jihohin arewacin ƙasar sun ɗinka barguna da masana tarihi suka ƙiyasta sun kai kimanin 250,000, suka miƙa wa wata hukumar sa-kai mai kula da lafiyar sojoji. Sirara ne dogaye, daidai gadon asibitin sansani, kuma kaɗan ne suka rage a gidajen tarihi. A Yaƙin Duniya na Biyu matan Kanada sun aika dubban ɗaruruwa zuwa Ingila ta hannun ƙungiyar Red Cross, domin iyalan da bama-bamai suka raba da gidajensu. A 1942, matan da sojojin Japan suka tsare a kurkukun Changi na Singafo sun ɗinka barguna domin sojojin da suka ji rauni, kowace ta ɗinka sunanta a ƙyallenta, abin da ya zama hanyar sanar da mazajensu da ke tsare a wani sansanin cewa suna raye.

Duk waɗannan agaji ne ga mai jin sanyi. Mayar da bargon lambar yabo ya zo ne a 2003 ta hannun Catherine Roberts, wata mai ɗinki da ke garin Seaford a jihar Delaware, lokacin da ɗanta ke bakin daga a Iraƙi. Kamar yadda ta sha faɗa, mafarki ta yi ta ga wani saurayi zaune a bakin gado da tsakar dare, ya sunkuyar da kai cikin ƙunci, sai kuma ta sake ganinsa lulluɓe da bargo hankalinsa ya kwanta. A watan Nuwamba na shekarar aka miƙa bargon farko a asibitin sojoji na Walter Reed ga wani matashin soja ɗan jihar Minnesota da ya rasa ƙafarsa a Iraƙi. A 2006 Lezley Zwaal ta fara irin wannan aiki a birnin Edmonton na Kanada, a 2012 kuma aka kafa makamanciyar ƙungiyar a Ostireliya.

Roberts ta dage a kan cewa bargon ba sadaka ba ne, kuma ba a miƙa shi kamar yadda ake raba kayan agaji. Saboda haka akwai tsari. Wani ne zai gabatar da sunan wanda ya cancanta. Ranar da za a ba shi, a taron jama'a ko a ɗakinsa idan ba shi da lafiya, sai a kira sunansa, a karanta rundunar da ya yi aiki da shekarun da ya yi da wuraren da aka tura shi, sannan a yafa masa bargon a kafaɗa. Ga tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, waɗanda da yawansu suka dawo gida ba tare da an tare su da murna ba, akan ƙara da yi musu barka da dawowa, ko da shekara hamsin ta wuce. Sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa, ba a sayar da shi, kuma mai rai kaɗai ake ba. Iyalan waɗanda suka mutu a fagen daga wasu ƙungiyoyi dabam ne ke ɗinka musu.

Abin da ya sa na mace ya fita daban

Kimanin mata 350,000 ne suka yi aiki a rundunonin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, amma sai ranar 12 ga Yunin 1948 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar da ta ba mata damar zama sojoji na dindindin. Matan da suka riƙa tuƙa jiragen soja daga masana'anta zuwa sansanoni a lokacin yaƙin ba a amince da su a matsayin tsofaffin sojoji ba sai a 1977. Bataliya ta 6888, ta mata 855 akasarinsu baƙaƙen fata ƙarƙashin Charity Adams, wadda ta warware tulin wasiƙun sojoji da suka maƙale a Birmingham a 1945, sai a 2022 aka sa hannu a dokar ba ta lambar zinare ta majalisar dokokin ƙasar, lokacin da 'yan ƙalilan ne suka rage a cikinsu. Haramcin tura mata fagen daga kai-tsaye an ɗage shi ne a 2013, aka buɗe musu dukkan muƙaman yaƙi a ƙarshen 2015.

Yanzu akwai tsofaffin sojoji mata kusan miliyan biyu a Amurka. Ƙorafin da suka fi yi shi ne ba a ganin su. Mace ta je asibitin tsofaffin sojoji a tambaye ta ina maigidan da ta rako. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin jinya ko sadarwa ko tuƙi su da kansu ba sa kiran kansu tsofaffin sojoji, saboda suna ganin sunan na masu riƙe bindiga ne. Shi ya sa ɓangaren bikin da ya fi muhimmanci ga mace shi ne karanta tarihin aikinta da babbar murya a gaban 'ya'yanta da jikokinta da maƙwabta. Ɗan ƙyallen nan na baya mai ɗauke da suna kuma yakan zauna a gidan bayan ranta.

Lifidi: ɗinkin auduga na fagen fama

Bahaushen da ya ga wannan bargo a hoto, idan ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Zariya ko Katsina, zai iya tuna inda ya san irinsa. Lifidi shi ne rigar kariya ta doki da mahayinsa. Falle biyu na saƙi ake haɗawa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri. A waje kuma a ƙawata shi da ƙyallaye ja da rawaya da shuɗi da baƙi, sau da yawa masu kusurwa uku. Wato hawa uku, fuska ta haɗe-haɗe da ɗinkin da ke riƙe auduga, duk dai dabarar nan ce.

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410. Amfaninsa a fili yake: makamin da mahayi ya fi tsoro shi ne kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki, ita kuwa auduga mai kauri takan riƙe tsinin kafin ya kai ga fata. 'Yan lifida su ne ke gaba wajen fasa sahun abokan gaba da kuma kewaye sarki, har aka samu sarautar Lifidi a wasu masarautu. Yana da nasa aibin. Nauyi gare shi, ga zafi, wanda ya faɗo daga kan doki da wuya ya tashi ba da taimako ba, kuma kibiyar wuta takan kama shi. Matafiya Turawa da suka ratsa Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19 sun zana hotunan irin waɗannan mahaya. Bindigar Turawa mai ruwan harsashi ce ta kawo ƙarshen amfaninsa a yaƙe-yaƙen 1903, daga nan ya koma kayan ado na hawa.

Akwai hannun mata a cikin lifidi ko da ba su hau doki ba. Su ke gurzar auduga su fitar da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, su sayar wa masaƙa. Kowane mahayin da ya tsira daga kibiya, wani ɓangare na tsirarsa daga tsakar gida ya fito, ko da yake maroƙa ba su saba ambaton hakan a kirari ba.

Riga, alkyabba da malfa

Karramawa da sutura kuwa ta ratsa dukkan tsarin sarauta. Naɗi da rawani ake yi. Sarki yakan yafa wa wanda ya naɗa alkyabba, yakan ba jarumin da ya yi bajinta riga da doki, ya ba manzon da ya kawo albishir tukuici. A Daular Sakkwato manyan riguna masu aiki, irin su aska takwas da aska biyu, na saƙi ko na tsamiya, sun kasance kyautar da ke tafiya tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, da tsakanin sarakuna da hakimai da barade. Wannan ya yi daidai da tsohuwar al'adar daulolin Musulunci, inda halifa ke tufatar da wanda ya yarda da shi. Darajar rigar tana ga wanda ya bayar da kuma idon jama'ar da aka bayar a gabansu, fiye da kuɗin yadin.

Sai dai wannan karramawa daga sama take gangarowa, kuma kusan kullum a kafaɗar namiji take sauka. Tarihi ya riƙe sunayen mata mayaƙa, kamar Sarauniya Amina ta Zazzau da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899 a ƙasar Nijar ta yau. Amma su masu mulki ne, su ke ba da riga.

Misalin da ya fi kusa da mace ta karrama mace da sutura shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimantar da matan karkara, takan naɗa shugabar kowace tawaga, wadda ake kira jaji, ta hanyar ɗora mata malfa da ɗaura jan ƙyalle a kanta. Da wannan alama jaji ke ratsa ƙauyuka ana ba ta hanya da girma. Ba aikin soja ba ne, amma hidima ce mai tafiyar ƙafa da haɗarin hanya, kuma mace ce ta shaida ta da hannunta.

Mata a rundunonin Najeriya

Ta ƙofar asibiti mata suka shiga aikin soja a Najeriya. Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya, ita ce mace ta farko da ta zama hafsa a rundunar sojan ƙasa a 1961, ta kai muƙamin kyaftin a 1963. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta shugabanci sashen lafiya na rundunar, ta zama Manjo Janar mace ta farko a 1994, ta rasu a Nuwamban 2023. A sojan ruwa Itunu Hotonu ta zama Riya Admiral a Disamban 2012. A sojan sama Blessing Liman, 'yar Jihar Kaduna, ta zama matuƙiyar jirgin soja mace ta farko a 2011, shekarar da Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi na dindindin. A 2018 rundunar sojan ƙasa ta kafa sashe na musamman na mata. Ƙananan sojoji mata kuwa a Zariya ake horar da su, a barikin Depot, tare da maza.

Wadda sunanta ya fi shiga kunnen mutanen Arewa ita ce Tolulope Arotile. A Kaduna aka haife ta a Disamban 1995, iyayenta 'yan Jihar Kogi ne, ta yi firamare da sakandare a makarantun sojan sama na Kaduna, ta shiga NDA a 2012, ta fito hafsa a 2017. Ranar 15 ga Oktoban 2019 aka liƙa mata fukafukin matuƙiyar helikwaftan yaƙi, mace ta farko a tarihin rundunar, rana ɗaya da Kafayat Sanni wadda ta zama ta farko a jirgin yaƙi mai fiffike. An tura ta aikin Gama Aiki, wanda a lokacin yake farautar 'yan bindiga daga Minna. Ranar 14 ga Yulin 2020 mota ta buge ta a barikin sojan sama na Kaduna, ta rasu tana da shekara 24. An binne ta a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja.

A Janairun 2021 rundunar sojan ƙasa ta ware mata 300 domin sintiri a hanyar Kaduna zuwa Abuja, lokacin da satar mutane ta sa matafiya suka ƙaurace wa hanyar suka koma jirgin ƙasa. Gwamna Nasir El-Rufai ne ya karɓi rukunin farko. An yi ta muhawara a kafafen sada zumunta, wasu na yabo wasu na ba'a, amma sunayen matan ba su fito ba, kamar yadda sunan ƙaramin soja ba ya fitowa sai ranar da aka rasa shi.

Randagi da dajin Birnin Gwari

Idan ana neman inda hidimar soja ta daina zama labarin rediyo ta zama maganar kwana da tashi, to Birnin Gwari na sahun gaba. Ƙaramar hukumar tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga babban birnin jihar, tana iyaka da Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, kuma ya haɗe da na Kuyambana da wasu dazuzzukan da ke miƙewa cikin jihohin maƙwabta. Gundumar Randagi tana ɓangaren yamma, ƙasar noma ce mai albarkar masara da dawa, kuma kusancinta da dajin ya sa ta sha wahala. Shekaru da dama manoman yankin sun riƙa biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin girbi, ƙauyuka da yawa kuma suka watse.

Sojoji ma sun zubar da jini a wannan ƙasa. A Maris 2018 an kashe sojoji 11 a Kampanin Doka. A watan Mayu na shekarar aka kai harin Gwaska inda mutane da dama suka mutu, lamarin da ya sa rundunar sojan ƙasa ta kafa sansani a yankin, sojan sama kuma suka buɗe nasu a Birnin Gwari a 2019. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya daɗe yana kokawa kan halin da talakawansa ke ciki. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sanar da sulhu da wasu gungun 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan shekaru tana rufe.

Dangantakar mutanen irin waɗannan ƙauyuka da sojoji ba mai launi ɗaya ba ce. Akwai godiya ga waɗanda suka raka ayarin motoci suka kwana a rami domin wasu su yi barci, akwai kuma ƙorafin cewa an kira ba a zo ba sai bayan an gama ɓarna. Bargon karramawa, a inda ake yinsa, ya kauce wa wannan gardama ta hanyar kallon mutum ɗaya maimakon runduna. A Amurka akwai masu ɗinki da suka yi adawa da yaƙin Iraƙi, amma suka ɗinka wa waɗanda suka dawo daga can.

Kayan aikin kuwa ba baƙi ba ne a yankin. Funtuwa, cibiyar auduga, hanya ɗaya ce ta haɗa ta da Birnin Gwari. Kowane shagon tela na tara guntayen atamfa da shadda da yadi. Matan aure da 'yan mata a gidaje sun iya ɗinkin hula da kwalliyar zanen gado da matasan kai na kayan ɗaki, a Zariya kuma tun shekarun 1970 mata suka shiga aikin manyan riguna da a da maza kaɗai ke yi. Masaƙun Kakuri da suka tufatar da Arewa tun daga 1957 sun durƙushe, amma allura ba ta bar tsakar gida ba.

Iyakar abin da bargo zai iya

Masu sukar al'adar a Amurka kan ce bargo ba ya biyan kuɗin asibiti, ba ya kuma warkar da firgicin da yaƙi ke bari a zuciya. Wannan magana ta fi nauyi a Najeriya, inda tsofaffin sojoji suka sha yin zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Wanda bai karɓi fanshonsa ba, idan hukuma ta yafa masa mayafi a gaban kyamara, yana da dalilin ɗaukar abin a matsayin raini. Bambancin yana ga wanda ya bayar. Fansho bashi ne a wuyan gwamnati, shi kuwa bargon tukuici ne daga maƙwabta waɗanda ba a bin su komai.

Karramawar da ake yi a hukumance a Najeriya tana da ranarta, 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar akan ƙaddamar da sayar da ɗan tambarin da ake maƙalawa a ƙirji domin tara wa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion kuɗi, a yi addu'o'i a masallatai da coci-coci. Ranar kuma shugaban ƙasa a Abuja da gwamnoni a jihohi su ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Mafi yawan bikin na waɗanda suka kwanta dama ne. Arotile ma bayan rasuwarta ne rundunar sojan sama ta sanya sunanta a wani ginin matuƙa jirgi a sansaninta na Fatakwal. Ranar takan faɗo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da a Randagi da kewaye ake fito da gwado da bargo daga adaka, kuma gidajen rediyon Hausa har yanzu suna kiran ta Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya.